Ofis a gidan haya: abin da gwamnati, ƙungiyoyin agaji da makarantu ke saya idan sun mayar da aiki kan intanet

A watan Nuwamban 2020, ministocin tsaron ƙasashen Tarayyar Turai na tsakiyar wani taron sirri ta bidiyo, sai ga fuskar wani matashi da ba wanda ya gayyata ta bayyana a allo, yana ɗaga musu hannu. Ɗan jarida ne daga ƙasar Holan, mai suna Daniel Verlaan. Ba wani kutse na ƙwararru ya yi ba. Hoton ministar tsaron ƙasarsa, Ank Bijleveld, aka wallafa a Twitter tana bakin aiki, a jikin hoton kuwa ana iya karanta adireshin taron da biyar daga cikin lambobi shida na shiga. Ya yi ta gwada wadda ta rage har ƙofa ta buɗe. Josep Borrell, wanda ke jagorantar zaman, ya tunasar da shi cewa abin da ya yi laifi ne, aka ɗan yi dariya, sannan aka tashi taron saboda tsaro.

Manhajar da aka yi taron da ita ba ta lalace ba, ta yi aikinta yadda aka tsara. Mutane ne suka shiga sabon gida da tsohuwar ɗabi'a, ba su san inda ƙofofinsa suke ba. Mafi yawan matsalolin da hukumomi ke cin karo da su a wannan fanni irin wannan ne, shi ya sa tambayar "wace manhaja ce ta fi kyau?" takan ɓatar da mai yin ta tun daga farko.

Yadda aka shiga harkar ma ya isa ya bayyana komai. Ranar 11 ga Maris 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana korona a matsayin annobar da ta game duniya. Zoom, wadda a Disambar 2019 take ɗaukar mahalarta taro kimanin miliyan 10 a rana, ta kai miliyan 300 a Afrilun 2020. Masu amfani da Microsoft Teams kullum sun tashi daga miliyan 20 a Nuwamban 2019 zuwa miliyan 75 a ƙarshen Afrilu. Majalisar dokokin Birtaniya, mai riƙo da al'ada kamar me, ta yi zaman tambayoyi ga firaminista ranar 22 ga Afrilu, wasu 'yan majalisa ƙalilan a zaure, saura kuwa ta allo daga gidajensu. UNESCO ta ƙiyasta cewa rufe makarantu ya shafi ɗalibai kusan biliyan 1.6. A irin wannan yanayi ba wanda ya zauna ya karanta kwangila. Gobara ce ta tashi, kowa ya ɗauki bokitin da ya fi kusa da shi. Gobarar ta mutu, bokitin kuwa ya zama randar gida.

Ayyukan da waɗannan manhajoji ke yi ba su da wuyar ganewa: taro ta murya da bidiyo, hira a rubuce tsakanin ma'aikata, ajiyar fayil da rubutu tare a takarda guda, da bin sawun wane aiki ke hannun wa. Makarantu sukan ƙara da dandalin darasi irin su Moodle ko Google Classroom. Abin da ya fi dacewa a lura da shi shi ne inda kayan suke kwana. A da, fayil yana cikin kabad ɗin ofis ko cikin kwamfutar da ke ɗaki na gaba. Yanzu yana cikin manyan rumbunan kwamfuta na wani kamfani, sau da yawa a wata ƙasa, kana biyan kuɗi wata-wata ko shekara-shekara a kan kowane ma'aikaci. Haya ke nan. Mai gida ne ke gyaran rufi, shi ke biyan mai gadi, kuma gaskiya ya fi yawancin hukumomi iya waɗannan abubuwa nesa ba kusa ba. Amma shi ke da ikon ƙara kuɗi, shi ke sauya makulli, kuma idan ya ga dama ya rushe ɗakin.

Kamfanin kasuwanci idan ya yi kuskuren haya, dukiyarsa ce ta yi ciwo. Gwamnati, ƙungiyoyin agaji da makarantu kuwa kayan amana suke shiga da su gidan hayar: takardun da jama'a ke da haƙƙin gani, sunayen mutanen da ke cikin hatsari, da bayanan yaran da ba a nemi yardarsu ba.

A fara da gwamnati, domin nan ne abin ya fi sarƙewa. Duk wanda ya taɓa aikin gwamnati ya san darajar fayil. Takarda ta shigo, a buga mata hatimi, a ba ta lamba, ta bi tebur-tebur, kowane jami'i ya rubuta ra'ayinsa ya sa hannu da kwanan wata. Ana yi wa tsarin ba'a saboda tafiyar hawainiya, amma albarkacinsa ne bayan shekara goma mai binciken kuɗi ko alƙali zai iya gano wanda ya ce a yi da kuma dalilinsa. Da aiki ya koma akwatin hira, shawara ta fara yankuwa da "to, a yi hakan" a ƙarƙashin saƙon wani, ko ma da ɗan hoton babban yatsa. Ina wannan zai shiga a fayil? Wa ke da alhakin adana shi, har tsawon wane lokaci?

Ba tambayar nishaɗi ba ce. A gaban kwamitin binciken yadda Birtaniya ta tunkari korona, a Disambar 2023, an bijiro wa tsohon firaminista Boris Johnson da batun saƙonnin WhatsApp kimanin 5,000 na farkon annobar da ba a iya samowa ba. A Janairun 2024 Nicola Sturgeon, tsohuwar shugabar gwamnatin Sikotilan, ta amsa cewa ta goge nata. A ƙarshen 2024 gwamnatin Sikotilan ta sanar da cewa za ta daina gudanar da harkokinta ta WhatsApp. A Mayun 2025 wata kotun Tarayyar Turai ta yanke hukunci cewa Hukumar Tarayyar ba ta ba da gamsasshen bayani ba kan ƙin fito da saƙonnin waya tsakanin shugabarta, Ursula von der Leyen, da shugaban kamfanin magani na Pfizer, waɗanda jaridar New York Times ta nema. A Maris na shekarar kuma aka sanya editan mujallar The Atlantic, Jeffrey Goldberg, bisa kuskure cikin wani rukunin hira a manhajar Signal inda manyan jami'an Amurka ke tattauna harin da za a kai Yaman.

Da sauƙi mutum ya ce ai duk rashin gaskiya ne. Wani lokaci haka ne. Amma a ganina mafi yawan jami'an da ke tserewa zuwa manhajar da ke wayarsu ba ɓoye-ɓoye ya kai su ba, wahalar ta hukuma ce ta kore su: sai ka shiga da kwamfutar ofis, sai ka sabunta kalmar sirri, ba ta buɗuwa a waya, ba za ka iya gayyato abokin aiki daga wata ma'aikata ba. Ruwa ba ya tsayawa jiran a haƙa masa hanya. Hukumar da ta sayi manhaja mai tsananin tsaro amma mai wuyar sha'ani, a ƙarshe ofis biyu take gudanarwa, ɗaya a takarda wanda ba kowa ciki, ɗaya a aljihun ma'aikata wanda ba ta da iko da shi.

Sai batun wace doka ke hawa kan bayanan. A 2018 Amurka ta yi dokar da ake kira CLOUD Act, wadda ta ba hukumominta damar neman bayanai daga kamfanonin ƙasar ko da rumbun da aka ajiye su yana wata nahiya. A shekarar ce kuma dokar kare bayanai ta Turai, GDPR, ta fara aiki. Dokokin biyu kowacce na jan igiya zuwa ɓangarenta. A Yulin 2020 babbar kotun Tarayyar Turai ta soke yarjejeniyar da ake musayar bayanai da Amurka a ƙarƙashinta, sai a 2023 aka ƙulla sabuwa. Abin dariya, a Maris 2024 mai sa ido kan kare bayanai na Tarayyar ya samu ita kanta Hukumar Tarayyar Turai da saɓa ƙa'ida a yadda take amfani da Microsoft 365. Idan mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi, ina ga ƙaramar hukuma da lauyanta ɗaya ne tal? Darasin da ke ciki dai shi ne, alkawarin "bayananku na cikin ƙasarku" rabin amsa ne. Sauran rabin shi ne a wace ƙasa aka yi wa kamfanin rajista, kuma a hannun wa makullin buɗe bayanan yake.

Wannan ne ya sa wasu gwamnatoci suka fara gina nasu gidan. Faransa ta fito da Tchap a 2019 don hirar ma'aikatanta, bisa buɗaɗɗen tsarin Matrix. Jihar Schleswig-Holstein ta Jamus ta yanke shawara a 2024 za ta kwashe kwamfutoci kusan 30,000 daga Microsoft Office zuwa LibreOffice. Akwai kuma Nextcloud, Jitsi da BigBlueButton, waɗanda kowa na iya ɗora su a nasa rumbun ba tare da biyan kuɗin lasisi ba. Ina da ra'ayin wannan hanya, amma kada a yi mata ƙarya. Birnin Munich na Jamus ya kwashe kimanin shekara goma yana ƙaura daga Windows zuwa Linux, tsarin tafiyar da kwamfuta na kyauta, ya kammala a 2013, sai ga majalisar birnin a 2017 ta kaɗa ƙuri'ar komawa Windows. Kuɗin da ba ka biya kamfani ba za ka biya shi albashin injiniyoyin da za su kwana suna gadin rumbun, kuma irin waɗannan mutane tsarin albashin gwamnati bai cika iya riƙe su ba. Rumbun da ba a toshe masa ɓaraka a kan kari ya fi gidan haya hatsari.

Kuma ko wane gida ka zaɓa, mutum ɗaya na iya barin taga a buɗe. A farkon Maris 2024 kafar yaɗa labaran Rasha ta saki sautin wata tattaunawa ta minti 38 da manyan hafsoshin sojan saman Jamus suka yi ta Webex kan makami mai linzami samfurin Taurus. Ministan tsaro Boris Pistorius ya bayyana cewa ɗaya daga cikinsu ne ya shiga taron daga Singafo ta layin da ba shi da kariya.

Misalin da ya fi burge ni a ɓangaren nasara tsoho ne, ya ma girmi Zoom. Tun shekarar 2000 majalisar ministocin Estoniya ta koma aiki ba takarda. Sirrin ba a allon yake ba. Kafin ranar zama, kowane minista ya karanta batutuwan a tsarin, ya nuna matsayinsa, ya faɗa ko yana da ja. Abin da ba wanda ya ja a kansa yakan wuce ba muhawara. Zaman da kan ci awa huɗu ko biyar ya dawo ƙasa da awa ɗaya da rabi. Sun sauya yadda ake yanke shawara, sannan suka sa manhaja ta ɗauki sabon tsarin. Akasin haka shi ne abin da aka fi gani: a kwashe dogon taron da ba shi da ajanda a zuba shi cikin bidiyo, a ƙara da wasu uku tunda yanzu kiran taro ba ya bukatar neman ɗaki.

Ƙungiyoyin agaji kuwa tarkonsu sunansa kyauta. Manyan kamfanoni sun daɗe suna ba su lasisi kyauta ko da rangwame mai yawa, sau da yawa ta hannun TechSoup, ƙungiyar da ta faro a San Francisco tun 1987. Alheri ne na gaske, ƙananan ƙungiyoyi da dama da shi suka tsaya da ƙafafunsu. Sai dai banza ba ta kai zomo kasuwa, kuma wanda ya ba ka kyauta bai yi maka alkawarin dawwama ba. A 2025 Microsoft ta sanar da cewa daga 1 ga Yuli za ta daina bayar da lasisin Business Premium da Office 365 E1 kyauta ga irin waɗannan ƙungiyoyi, sai dai rangwame da wani ƙaramin tsari na kyauta. Ƙungiyar da ta shekara biyar tana tara komai nata a wurin, ga kasafin shekara an riga an rufe, ina za ta nufa? Masu ba da tallafi kuma galibi sun fi son kuɗinsu ya tafi ga aikin da za a gani a hoto, ba kuɗin lasisi ko albashin mai kula da kwamfuta ba.

Ɗauki wata ƙaramar ƙungiya mai ma'aikata bakwai da 'yan sa-kai ashirin. Ranar da aka fara, wata 'yar sa-kai mai kaifin kai ta buɗe babban fayil na ajiya da imel ɗinta na kanta, don a samu a fara aiki. Shekara uku ana zuba rahotanni, rasitai, jerin sunayen waɗanda aka taimaka wa. Ta samu aiki a wani wuri, aka yi sallama cikin mutunci. Wata shida bayan nan mai ba da tallafi ya turo masu binciken kuɗi, sai aka tarar duk fayilolin mallakarta ne a idon manhajar, lambar tabbatarwa na zuwa wayar da ta daina amfani da ita, tsofaffin 'yan sa-kai goma sha biyu kuwa har yanzu suna iya buɗe jerin sunayen. Ba mugu ko ɗaya a labarin. Ba a taɓa zama an ce wane ne mai makulli ba, shi ke nan.

Jerin sunayen nan kuwa wani lokaci rai ne. A Janairun 2022 Kwamitin Red Cross na Duniya ya sanar da cewa masu kutse sun kai ga bayanan mutane fiye da 515,000, cikinsu har da waɗanda yaƙi ya raba da iyalansu, da waɗanda suka ɓata, da tsararru. Idan wannan ya samu ƙungiya mai irin wannan ƙarfi, ƙaramar ƙungiya ta fi kowa bukatar tambayar kanta ko lallai sai ta rubuta cikakken sunan matar da ta gudo daga mijinta, ko lamba ta wadatar. Akwai kuma siyasar duniya. A Disambar 2018 manhajar hirar ofis ta Slack ta rufe asusun mutane da dama da ta alaƙanta da Iran da wasu ƙasashen da Amurka ta sa wa takunkumi, har da waɗanda ziyara kawai ta taɓa kai su, daga baya ta nemi afuwa ta maido da wasu. Ma'aikacin agaji kuwa irin waɗannan wurare ne wurin aikinsa.

A makaranta matsalar ta fi fitowa fili, domin wanda aka bari a waje yaro ne. A Agustan 2020 UNICEF ta ce aƙalla yara miliyan 463, kusan kashi ɗaya cikin uku na 'yan makarantar duniya, ba su samu damar karatu daga gida ba lokacin da aka rufe makarantu. Hukumar sadarwa ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ITU, ta ƙiyasta cewa a 2023 mutum biliyan 2.6 ba sa kan intanet sam. Ko a cikin waɗanda ake ƙirgawa suna kai, akwai gidan da waya ɗaya ce tsakanin yara huɗu, kuma tana fita tare da mai ita da safe.

Kuskuren da aka fi tafkawa shi ne ɗauka cewa karatu daga nesa yana nufin malami a bidiyo kai tsaye. Wannan ce hanya mafi tsada: awa ɗaya takan cinye ɗaruruwan megabayit, tana bukatar layi mai ƙarfi, da na'ura a hannun yaro a daidai wannan lokaci. Malama ta shirya darasi, ta buɗe aji, sai ta tarar da baƙaƙen akwatuna talatin ɗauke da sunaye. Ta yi tambaya, shiru. Ba ta san wanda ya gane ba, da wanda layinsa ya yanke, da wanda ya kashe kyamara don kada a ga ɗakin da suke kwana. Darasin da aka naɗa da murya, ko aka rubuta a ƙaramin fayil da yaro zai sauke lokacin da waya ta dawo gida, ba ya ɗaukar ido a rahoton shugaban makaranta, amma ya fi isa ga yara. Ƙasar Yurugwai ta fi maƙwabtanta samun sauƙi a 2020 domin tun 2007 shirinta na Ceibal yake raba wa 'yan makarantun gwamnati kwamfuta yana kuma horar da malamai. Shekara goma sha uku suka yi suna shiri kafin ranar ta zo.

Tsaron ajin ma sai da aka koya da wuya. A ƙarshen Maris 2020 ofishin FBI na Boston ya yi gargaɗi kan baƙin da ke faɗowa cikin azuzuwan Zoom suna zagi ko nuna batsa. Birnin New York ya hana makarantunsa amfani da manhajar a Afrilu, ya janye hanin a Mayu bayan an gyara. Singafo ma ta dakatar na ɗan lokaci. Maganin bai wuce kalmar sirri da ɗakin jira ba, abubuwan da da ma akwai su, kawai ba a kunna su tun asali ba. Wannan ya nuna nauyin da ke kan wanda ke saita manhaja a ranar farko, domin yawancin mutane ba sa taɓa sauya abin da suka tarar. Game da bayanan yara kuma, a Yulin 2022 hukumar kare bayanai ta Danmak ta hana ƙaramar hukumar Helsingør amfani da Chromebook da Google Workspace a makarantunta, kuma asalin maganar ƙorafin wani uba ne guda ɗaya.

Jami'o'i su ma sun ɗanɗani halin mai gida. Shekaru Google na ba makarantu wurin ajiya mara iyaka, jami'o'i suka zuba bayanan bincike ba lissafi. A 2021 aka sanar da ƙarshen wannan, daga Yulin 2022 aka koma terabayit 100 na tarayya ga kowace cibiya a matsayin tushe. Ma'aikatan kwamfuta suka shiga bin malamai da tsofaffin ɗalibai suna roƙon a goge ko a kwashe.

Wani lokaci ma ɗakin gaba ɗaya ake rushewa. Jamboard, allon rubutun da malamai da yawa suka gina darussansu a kai, an rufe shi a ƙarshen 2024. Meta ta sanar a 2024 cewa za ta rufe Workplace, dandalinta na sadarwar ma'aikata. Skype, wanda a da sunansa ne ma'anar kiran bidiyo, ya yi bankwana a Mayun 2025. Kowanne an ba da sanarwa da wa'adin kwashe kaya, ba a yi wa kowa ba-zata ba. Amma wanda ya taɓa danna maɓallin kwashe bayanai ya san abin da ke fitowa: takardu sukan fito lafiya, hirar shekaru kuwa ta zo a dunƙule cikin wasu fayiloli da ba mai iya karantawa sai injiniya, bayanin wa ya gyara me da yaushe ya zube a hanya, izinin wa zai ga wane fayil kuma sai an sake gina shi da hannu ɗaya bayan ɗaya. Shi ya sa hukumomin da suka san abin da suke yi sukan gwada fita tun kafin su sa hannu a kwangila: su zuba aikin wata guda a manhajar, su kwashe shi, su miƙa wa mai kula da fayil na ofis, su ce ya nemo musu wanda ya amince da wata shawara da ranar da ya amince.